Numfashin Ƙarfe

Ranar Laraba, bayan la'asar sakaliya,
a filin gwaji, gindin dutsen Kwatarkwashi,
Kofur Nomau ya miƙo mini bindigarsa.
Ya ce, "Sajan, tun da aka sa mata takunkumi
ta koyi tofa wa mutum hayaƙi a ido."

Na karɓa, bakinta da sauran ɗumi.
Na zura yatsa cikinta, ya fito baƙi ƙirin
kamar na shafo gindin tukunyar gidan suna.

Ai ƙarar da ka hana fita, Nomau,
ba mutuwa take yi ba.
Juyowa take ta biyo ta ƙofar baya,
ta daki ƙarfe, ƙarfe ya daki kafaɗa,
kwanson harsashi ya yi tsalle can gaba
kamar fara ta ji takun yara.

Ubana maƙeri ne a Ƙauran Namoda.
Shekara tara na yi a bayan zugazugi.
In na matsa da ƙarfi, ba ya cewa uffan,
sai dai in ga bakin lauje ya ƙone, ya zubar da tartsatsi.
In na yi sanyi, gawayi ya lumshe ido,
sai in ji awartaki a gwiwa.
"Iska gwargwado."
Iyakar karatun ke nan,
ban ga wani allo a hannunsa ba har ya koma.

Ga shi yau furfura ta cim mini
ina zuga wuta a maƙerar da ba ta fi ƙwayar dawa ba.
'Yar kusa ce a doron bututu.
Na murɗa ta, na ƙuntata mata hanya.
Harba.
Ta yi tari guda ta tsaya,
kwanso ya maƙale mata kamar ƙayar kifi.
Na sassauta. Harba.
Ta tofar, amma ta ƙi ɗaukar loma ta biyu,
ta yi turjiyar jaki a bakin rafi.
Na ƙara mata abin da bai kai faɗin farce ba,
na ƙara,
na saurara da tafin hannu, don kunne ya daɗe da gajiya.

Can sai ta sami numfashinta.
Tas, tas, tas,
kamar mace na karya kara a murhu.
Kwansaye suka zuba wuri guda, sai ka ce an share su.
Kurciyar da ke kan marke
ta tashi, ta yi shawara, ta dawo reshenta.

Na ce, "To, ta yi ladabi."
Bai amsa ba.
Na duba, idonsa na zuba har yanzu.
Ya ce, "Hayaƙi ne, Sajan."
Alhali iska ta riga ta kwashe shi tuni
ta yi wajen gonakin auduga da shi.

Na san wansa Gado.
Daminar bara aka tsince shi a kunyar gero
ta hanyar Magami, hauyarsa na gefensa.
Kwana bakwai na zaman makoki
Nomau na raba ruwa, yana gyara tabarmi,
ba wanda ya ji ko tsakinsa.

Na laluba akwatin aikina.
Sifana, burushi, kwalbar mai.
Babu abin da ya dace da wannan kusar.
Na ba shi tsumman da ke kafaɗata,
ya goge fuska, ya bar zanen baƙi daga kunci zuwa kunne.

Muka durƙusa tsintar kwansaye,
don littafin ma'aji ba ya karɓar "kusan".
Ashirin da huɗu aka ba mu,
ashirin da uku ke cikin hulata.
Muna nan muna tona ciyawa, ni da shi,
har ladanin garin ya kira magariba.